Haƙƙin Taya a Kan Mai Mota

Duk wanda sana'a ko larura ta sa shi yawan barin kwalta, ko ɗan kasuwa ne mai bin kasuwannin ƙauye daga Gashuwa zuwa Yusufari, ko ma'aikacin lafiya mai kai allurar riga-kafi rugagen da ke bayan Tanut, ko kuwa direban da ke ɗaukar fasinja daga Agadas ya nufi Dirku da Bilma, ya san cewa a cikin dukan kayan da aka harhaɗa aka yi mota babu wanda ke shan wahala kamar taya, babu kuma wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi kamarta. Inji in ya yi tari sau ɗaya sai a garzaya wurin makaniki, fitila in ta mutu ba a kwana ba a sake ta ba, saboda tsoron masu kaki, amma taya, wadda ita kaɗai ke taɓa ƙasa, kuma da ita birki da sitiyari suke aiki, iyakar binciken da ake yi mata shi ne yaron mota ya zagayo da asuba ya ƙwanƙwasa ta da ƙarfen jak, in ta amsa da ƙara ya ce, "Maigida, lafiya lau take."

Ba don in ɗora wa direbobi laifi na ɗauki alƙalami ba, gama da yawansu sun fi ni sanin hanya nesa ba kusa ba, abin da suka sani kuwa da zufa da ƙishirwa suka saye shi. Abin da ya dame ni wata mas'ala ce guda da aka raba biyu, har kowane rabi ya zama hatsari a hannun mai riƙe da shi. Mai sayen taya ƙarfinta kawai yake tambaya, watau nauyin da za ta iya ɗauka; mai tuƙi cikin rairayi kuwa iska kawai yake tambaya, nawa zai rage don kada ya kafe; alhali nauyi da iska magana ɗaya ce, domin aikin roba da wayoyin da ke cikinta shi ne su tsare iska, ita iskar da aka matse ita ce ke tallafe da mota da kayanta da mutanenta, in an rage ta an rage ƙarfin tayar ke nan, ko da jiya aka saye ta da tsadar gaske.

Masu ƙera taya ba su ɓoye wannan ba, sun rubuta shi ɓaro-ɓaro a gefen kowace taya, sai dai ƙura ta rufe rubutun, mu kuma ba mu saba karanta shi ba. In mutum ya tsuguna gaban Hilux irin ta aiki, ya sa tsumma mai danshi ya goge gefen tayar, sau da yawa zai ga an rubuta 205R16C, sa'an nan 110/108, da wani harafi a ƙarshe. Na farkon faɗin taya ne da girman wili, harafin C kuwa alama ce ta cewa domin motar kaya aka yi ta. Lambobin nan biyu na baya su ne abin lura, gama su ne lambar nauyi, kuma akwai jadawali guda da masana'antun duniya suka yi ittifaƙi a kansa: lamba 100 kilo 800 ce, 108 kilo 1,000, 110 kilo 1,060, 112 kilo 1,120, 121 kuwa kilo 1,450. Dalilin da ya sa suka zo biyu shi ne, ta farko hukuncin taya ce in ita kaɗai ce a ƙafa, ta biyu kuwa in an gwama ta da 'yar'uwarta kamar yadda ake yi a bayan manyan motoci. Harafin ƙarshe na gudu ne: Q kilomita 160 a sa'a, S 180, T 190. Amma wannan alkawari duka yana da sharaɗi, an kuwa rubuta shi da ƙananan baƙaƙe kusa da bakin wili, inda aka ce iyakar nauyi kaza a kan iska kaza, kuma a auna tayar tana sanyi. Wanda ya riƙe alkawarin ya yar da sharaɗin bai riƙe kome ba.

Haka nan maganar ninki, wadda masu sayar da taya suka fi so, su ce maka wannan mai ninki takwas ce, waccan mai goma. A zamanin da ake saƙa cikin taya da zaren auduga lissafin gaskiya ne, ana iya yanka ta a ƙirga. Amma tun da aka koma zaruruwan zamani da wayar ƙarfe, musamman bayan kamfanin Michelin na Faransa ya yi rajistar ƙirar nan da ake yi wa alama da harafin R a 1946, sai lambar ta zama ƙiyasi kawai, har akan sami taya an rubuta mata 10PR alhali ninkin jikinta biyu ne ko uku. Abin da lambar take faɗa a yau shi ne miƙdarin iskar da tayar za ta iya jurewa. A gejin da masu faci ke amfani da shi a Nijeriya, wanda ake rubuta wa PSI, galibi mai ninki shida iyakarta 50, mai takwas 65, mai goma 80. (A Nijar da kilo suke lissafi, kilo ɗaya nasu kuwa wajen 14.5 ne a namu, saboda haka wanda ya ce kilo biyu da rabi da wanda ya ce 36 ba su saɓa ba.) Ɗauki taya mai girman LT265/75R16 mai ninki goma, irin wadda masu Land Cruiser ke marmari. Lambarta 123, watau kilo 1,550, amma ba ta kai wannan matsayi sai an ba ta iska 80. In 50 aka ba ta, ƙarfinta kilo 1,120 ne. In 35 ne, wajen kilo 865. To, mutum ya cire tayoyin da motarsa ta zo da su, ya ƙara kuɗi ya sayi masu ninki goma, ya ci gaba da ba su iskar da ya saba, ya tafi zuciyarsa fes yana jin ya yi maganin nauyi, alhali bai ƙaru da kome ba, hasali ma la'alla ya ragu, domin irin wannan taya mai kauri, a ƙaramar iska, ba ta kai ta ƙaramar mota mai girmanta ɗaukar kaya ba, ga shi kuma ta fi saurin ɗaukar zafi.

Yanzu sai mu zo kasuwa mu yi lissafin da kowane ɗan kamasho zai iya yi da ka. Buhun masara kilo 100 ne. A-kori-kura irin Hilux abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba, a ciki har da direba da waɗanda ke zaune tare da shi. Wa bai taɓa ganin an loda mata buhu ashirin ba? Kilo 2,000 ke nan, kusan dukansu a kan ƙafafun baya, waɗanda in lambarsu 110 ce iyakar ƙarfinsu su biyu kilo 2,120 ne, wannan ma in iskarsu ta cika fal. Sai a tuna tun motar tana wofi ɗaruruwan kilo na jikinta suna kan ƙafafun nan, sa'an nan a ƙara masu kayan da suka ɗare bisa buhunan, da jarkokin mai da na ruwa da aka rataya a gefe. Tun ba a bar tasha ba an ƙetare haddi. Dabarar da aka ɓullo da ita kuwa, ta kai motar wurin maƙera a ƙara mata falle biyu ko uku na sifirin, ita ce mafi muni a ganina, gama sifirin bai ƙara wa taya ko kilo ɗaya na ƙarfi ba, bai kuma ƙara wa birki ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya hana motar durƙushewa, durƙushewar nan kuwa ita ce alama ɗaya tak da ido ke gani ya san kaya sun yi yawa.

Malamanmu na fikihu sun riga sun yi maganar wannan a babin haya tun mota ba ta zo ba, inda suka tabbatar da cewa wanda ya ɗauki hayar dabba bisa sharaɗin kaya kaza, sa'an nan ya ɗora mata abin da ya wuce har ta halaka saboda haka, to ya yi ta'addi, lamuninta yana wuyansa. Ban ce taya rai gare ta ba, ba kuma fatawa nake bayarwa ba, don ba ni da wannan matsayi. Amma illar hukuncin a fili take, watau ƙetare iyakar da aka sani aka kuma yarda da ita. In an lamuntar da mutum saboda jaki guda, ina ga wanda ya ɗauki rayuka ashirin amana ya ɗora su a kan tayoyin da maƙeransu suka rubuta musu iyaka da baƙaƙen da ba su gogewa?

Sai rairayi, inda ilmin direbobinmu ya fi zurfi. Rage iska a yashi hikima ce tabbatacciya, ba bidi'ar 'yan tasha ba ce. Wani hafsan sojan Ingila, Ralph Bagnold, wanda ya yi ta kutsawa hamadar da ke tsakanin Masar da Libiya da ƙananan motocin Ford tun ƙarshen shekarun 1920, da ita ya hau tuddan rairayin da ake cewa mota ba ta hawa, kuma har yau sojojin duniya suna da motocin da direba ke rage iska ko ƙara ta daga mazauninsa. Sirrin abin shi ne, ƙarfin da taya ke danna ƙasa da shi yana bin ƙarfin iskar da ke cikinta. In an rage iskar sai tafin tayar ya shimfiɗu, tsawonsa ma ya fi faɗinsa ƙaruwa, nauyin ya bazu, motar ta bi bisa yashi maimakon ta haƙa wa kanta rami. Direban hamada in ya iso bakin rairayi sai ka ga ya sauko ya tsuguna, ya kwance murfin bawul ya sa a baki don kada ya ɓace, ya danna allurar da tsinken ashana, yana ƙirge a zuci yana duban cikin tayar yadda yake kumburowa, in ya gamsu ya koma ta gaba. Motar da ba ta da kaya da yawa takan sauka zuwa tsakanin 15 da 20 ta wuce lafiya, muddin an tafi a hankali, ba a murɗa sitiyari da ƙarfi ba, ba a kuma taka birki farat ɗaya ba. Gama in iska ta yi ƙasa ƙwarai bakin taya yakan saɓule daga wili, mai tiyub kuwa takan zame ta tsinke bawul.

A nan ne rabin mas'alar nan biyu suke haɗuwa, su kama mai ganganci. Rage iska dama ce da sauƙin kaya ke ba direba. Wanda ya bar tasha da rabin abin da tayoyinsa ke iyawa yana da sararin da zai rage iska ya haye tudu yana waƙa. Wanda kuwa ya cinye ƙarfin tayoyinsa duka tun a tasha ya sayar da wannan dama da kuɗin buhu biyar. In ya rage, gefen tayar ya lanƙwashe har wili ya kusa cizon roba, wayoyin ciki su karye ba a gani. In bai rage ba, ya kafe har gindin mota ya zauna a ƙasa, a sauko da fasinja, a yi ta haƙa da hannu da shebur, a shimfiɗa faranten ƙarfe, a tura, kulocin yana ƙauri, ruwan sha yana raguwa. A hanyar Yusufari wannan ɓata yini ne. A Tenere kuwa, inda tsakanin rijiya da rijiya tafiya ce mai nisa, magana ce ta rai da mutuwa.

Sauran hanyoyi ba su buƙatar dogon bayani. A burji mai gargada ragi kaɗan ya isa, tare da rage gudu, don motar ta daina tsalle kuma tsakuwa ta daina sarar roba. A duwatsu irin na Abzin taya mai ɗan laushi takan rungumi dutse maimakon ya huda ta, amma gefenta da ya kumburo shi ne wurin rauninta, sai direba ya zaɓi inda zai sa ƙafa. A taɓo kuwa zanen taya ya fi iska tasiri, suɗaɗɗiyar taya ko yaya aka yi mata ba ta fita laka.

Babban haɗarin ma ba a cikin rairayi yake ba, yana wurin fita daga cikinsa. Direba ya gama da yashi, ya hau kwalta, ba shi da famfo, mai faci kuma sai an kai gari na gaba. Sai ya ce bari ya lallaɓa, lallaɓawar kuwa ba ta daɗewa ta zama gudu. Taya mai ƙarancin iska a kowane juyi gefenta lanƙwashewa yake ya miƙe, sau ɗaruruwa a minti guda, wannan kuwa zafi yake haifarwa, zafin ya raba roba da wayar da aka manne ta da ita, har bayan tayar ya ɓare gaba ɗaya, wani lokaci ba a ranar ba, sai bayan mako, tana cike da iska, kowa ya ce haka kawai ta yi bindiga. Duniya ta ga wannan a babban sikeli. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, akasarinsu na motar Ford Explorer, bayan haɗurran da daga baya aka danganta su da mutuwar mutum sama da 200. An sami aibi a tayoyin kansu, kamfanonin biyu kuma suka yi ta jifan juna da laifi, amma cikin abin da aka yi jayayya a kai har da iska: Ford ta ce 26, Firestone ta ce kamata ya yi a sa 30. Abin lura gare mu shi ne, tun a 1999 aka fara canza irin waɗannan tayoyi a Saudiyya, kuma a Amurkar ma jihohi masu zafi ne abin ya fi shafa. Saboda wannan waƙi'a aka yi dokar da ta wajabta, daga 2007, kowace sabuwar ƙaramar mota a can ta zo da na'urar da ke gargaɗin direba in iska ta ragu. In tazarar huɗu ta isa a kai ruwa rana a gaban majalisar dokoki, me za a ce da wanda ya hau kwaltar Damagaram a watan Afrilu da iska 18 da kaya tan biyu?

Sai dai tsoron wannan ya jefa wasu cikin kishiyarsa, suka gudu daga tafriɗi suka faɗa ifraɗi. Je ka gindin bishiyar mai faci a bakin kowace tasha, ga ɗan injinsa yana tari, ga bahon baƙin ruwa da yake tsoma tiyub yana neman kumfa, ga gejinsa irin na alƙalami wanda lambobinsa suka shafe don tsufa, ya sha faɗuwa ƙasa har ba a san ranar da ya yi gaskiya ba. Kowace mota ta zo, ƙarama ko babba, da kaya ko wofi, tambaya ɗaya ce: "Arba'in ko hamsin?" Direba ya ce, "Cika ta sosai, Malam, hanyar ba kyau." Ba na zargin mai faci, abin da aka tambaye shi ya bayar. Amma taya mai iska fiye da kima tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa, ta cinye da wuri, birki ya rage kamu, motar ta riƙa rawa a gargada, in ta faɗa rami mai kaifin baki kuma babu laushin da zai shanye bugun. Lambar da ke gefen taya haddi ce da ba a ƙetarewa, ba umurni ba ce na a kai can kullum. Iskar da ta dace da mota tana rubuce a wata 'yar takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, galibi kashi biyu, na mota wofi da na mota da kaya, wanda kuma ya canza irin taya wajibi ne ya nemi jadawalin sabuwar. A auna da safe kafin a tashi, ko bayan mota ta huta sa'a uku, domin iska tana hawa da wajen ɗaya a duk ƙarin zafi na digiri biyar ko shida, tafiya kuma tana ƙara mata huɗu ko fiye. Wanda ya tsaya da azahar ya ga geji ya hau, ya sace iska don kada ta fashe, ya jawo abin da yake gudu da hannunsa.

Duk wannan lissafi kuwa na taya mai lafiya ne. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, tayoyinmu daga waje suke zuwa, da yawansu kuma 'yan gwanjo ne da wasu suka gama cin amfaninsu. Shekarun taya ba a ɓoye suke ba: a ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, watau 2319 mako na 23 ke nan na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha yin shela cewa shekara huɗu ne wa'adin taya, manyan masu ƙera ta kuwa sukan ce a tsananta bincike bayan biyar, kada kuma a wuce goma ko da zanenta bai taɓu ba. Ko wane ƙauli mutum ya ɗauka, tayar da ta tsufa, gefenta ya yi tsaga-tsaga, ba ta da ikon cika alkawarin da aka rubuta mata tana sabuwa, kuma ita ce ta farkon mutuwa in an rage mata iska a rairayi.

Na san abin da direba zai ce, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Zai ce tun da aka janye tallafin mai a 2023 lodin da littafi ya yarda da shi ba ya fitar da kuɗin mai, balle na mai mota da na shingayen hanya. Zai ce shekara nawa yana yin haka Allah yana kiyayewa. Gaskiya ne, Allah ke kiyayewa, amma malamai sun bambance tawakkali da sakaci, sun ce riƙo da sababi ba ya warware dogaro ga Allah, barinsa da gangan ne abin zargi. Ta fuskar riba ma, ribar buhu biyar na ƙari ba ta sayen taya guda, taya kuwa ba ta fashewa ita kaɗai, takan tafi da wili, wani lokaci da motar da abin da ke cikinta.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin direbobi, waɗanda maganarsu ta fi ta kowace hukuma shiga a tasha, su ajiye geji na gaskiya guda a kowace tashar da motocin daji ke tashi, wanda masu faci za su riƙa gwada nasu da shi, su kuma sa ido a kan lodi kamar yadda suke sa ido a kan layi da kuɗin kamasho. Hukumomi da ƙungiyoyin da ke tura ma'aikata ƙauyuka kada su ba direba makulli sai ya iya karanta gefen tayarsa. Kai kuma mai mota, kafin tafiyarka ta gaba ka sayi geji naka na kanka da ɗan famfon da ke aiki da batirin mota, ka ajiye su ƙarƙashin kujera, don ka iya mayar da iskar da ka rage a daidai inda yashi ya ƙare. Kuɗinsu duka biyu bai kai na sabuwar taya ɗaya ba.